Ƙaras-ƙaras a Kunnen Ma Bong-gil

Shekara talatin da huɗu Ma Bong-gil ya yi yana ƙwanƙwasa ƙafafun jirgin ƙasa da doguwar guduma a tashar garinmu, Yeongju. Jirgi zai tsaya, shi kuma ya bi shi daga kai har wutsiya, ya doki kowace ƙafa sau ɗaya, ya kasa kunne. Lafiyayyen ƙarfe amo yake yi mai tsawo, wanda ya tsage kuwa a daƙile yake amsawa. A duk shekarun nan ƙafa goma sha ɗaya ya kama da tsaga, kuma yana tuna kowacce da ranarta. Ranar aurensa ce dai sai matarsa Ok-bun ta tuna masa.

Da ya bar aiki, kunnen bai yarda ya huta ba. Masu kankana a kasuwa suna hango shi sai su ɓata rai, don sai ya ƙwanƙwasa guda ashirin kafin ya ɗauki ɗaya. Ya taɓa tsayar da ni a kan titi ya ce babur ɗina ba zai kai Lahadi ba. Asabar da hantsi na turo shi gida.

Kwamfuta kuwa 'yarsu Miran ce ta aiko daga Busan, wai don su riƙa ganin juna suna hira. Ya shiga ajin koyon kwamfuta a cibiyar dattawa, kuma ban san yadda aka yi ba, cikin wata shida sai ga shi a wasan harbe-harbe, irin wanda mutum biyar ke fafatawa da biyar a cikin wani kango. Su biyar ɗin ƙungiyarsu, autansu shekararsa sittin da huɗu. Shugabansu Chu Man-seok tsohon direban jirgi ne, har yau bai yarda akwai wani wurin zama da ya dace da shi ba in ba gaba ba. Bong-gil hannunsa ba sauri, idonsa sai da tabarau biyu, amma idan ya ɗora lasifikar kunne ya yi shiru, sai ka ji ya ce, "Biyu suna hawa matakala, ɗaya ya tsaya yana tunani." Kuma haka ɗin ne. Shi ne kunnen ƙungiyar.

Ni nake da ɗan shagon gyaran kwamfuta a bakin layinsu. A wurina ya sayi katin sauti, wato ɗan allon nan da ake sokawa a cikin kwamfuta don sauti ya fita tas. Kafin ya saya sai da ya ƙwanƙwasa shi da farce.

Ranar wata Litinin cikin Disamba, sanyi na cizon kunne, ya shigo shagona rungume da kwamfutar, an lulluɓe ta da bargo kamar jaririya.

"Mai shago, yarinyar nan ba ta da lafiya."

"Me ya same ta, Yaya?"

"Ƙaras-ƙaras take yi mini a kunne, kamar ana taka busasshen ganye. In ina kallon labarai da safe, shiru. Da na shiga wasa, sai ta fara. Sawun mutum ya zo, ta cinye shi. Jiya har bayana aka zo aka tsaya, ina zaune kamar buhu."

Ranar Asabar da rana za su buga wasan share fage na gasar dattawan lardi, kowa daga gidansa. Wata uku suna shiri.

Na kunna ta, na sa wasan, na ɗora lasifikar a kaina. Tas. Na miƙa masa ya saurara, ya daɗe, sannan ya ce, "Kunya take ji." Duk da haka na yi abin da ake yi. Na busa ƙura, na cire katin na mayar da shi wani ramin nesa da katin hoto, na goge manhajar da ke tuƙa shi na sa sabuwa. Ya ɗauki abarsa ya tafi yana murna.

Washegari sai ga waya. "Ta dawo, har ta kawo ƙawayenta."

Na rufe shago na tafi gidan. Ok-bun ta tarbe ni a bakin ƙofa, ta ajiye mini silifas, ta wuce kicin. A gidan nan, in dai akwai baƙo a ɗakin maigida, ba ta zama. Za ta fere tuffa ta yanka, ta jera a faranti da 'yan cokula masu yatsu, ta kawo da shayin sha'ir, ta koma ta fara tunanin abin da za ta ƙaro. Haka ta ga uwarta na yi, kuma ba mai iya hana ta.

Muka zauna awa guda muna wasa. Ko ƙas ban ji ba. Na canza masa lasifika, na rage ƙarfin sautin da katin ke sarrafawa, na ci tuffa, na tafi. Laraba na canza waya, na ci gasasshen dankali. Alhamis na zo da katin kaina na soka masa, na ci tuffa da dankalin duka. Kullum labarin ɗaya ne: ina nan, shiru, ina fita, kafin in kai shago waya ta riga ni.

Ran Alhamis ɗin Man-seok ya same mu, ya tsaya a tsakiyar ɗaki da hularsa a kai.

"Kai Bong-gil, kwamfuta lafiyarta lau. Tsatsa ce a kunnenka. Shekara talatin kana dukan ƙarfe, yanzu ƙarfen ke ramawa."

"Kai da ka wuce tashar Punggi da fasinja a tsaye suna ɗaga maka hannu?"

"Sau ɗaya! Kuma hazo ake yi!"

Aka yi dariya, amma na lura ta Bong-gil ba ta kai ciki ba. Da ya rako ni ƙofa sai ya rage murya.

"Ƙanena, gaya mini gaskiya. Kai ba ka ji ba, Man-seok bai ji ba. Na ba Maman Miran ta saurara da safe, ba ta ji ba. Abin da mutum ɗaya kaɗai ke ji, a ina yake?" Ya nuna kansa da yatsa. "Na karɓi ranar ganin likitan kunne. Gobe in ba ka samo komai ba, zan ce wa Man-seok ya nemi wani. Ba zan ja mutum huɗu ƙasa ba."

Mutumin da duk abin da ya sani game da kansa a kunne yake, ga shi yana shirin sallama kunnen.

Jumma'a da ƙarfe biyu na koma da jakar kayan aiki, ba don ina da wata sabuwar dabara ba. Ok-bun ta buɗe ƙofa, ta dube ni sama da ƙasa, ta harba mini silifas da ƙafa.

"Kai kuma? Kwana huɗu a jere. Ka cinye mini tuffa rabin kwali, kwamfuta ba ta warke ba. Daga yau kai ba baƙo ba ne. Ga kicin can, in kana jin yunwa ka san hanya."

"Matar Yaya, ai an ƙara mini girma."

"An rage maka dai."

Muka zauna, ni da lasifika ɗaya, shi da ɗaya, na haɗa su wuri guda. Aka fara harbi. Can sai na ji motsi a bayanmu. Ok-bun ce ta shigo da tire cike da busassun ƙananan kifin miya da kwano biyu. Ta janyo wata 'yar shimfiɗa daga bayan kabad, irin mai ɗumama da lantarki, ta tsufa har furannin jikinta sun koɗe. Da rana ba ta yarda a kunna na'urar ɗumama daɓen gidan duka saboda mutum biyu, wannan ce abokiyar zamanta. Ta soka wayarta, ta zauna, ta rufe gwiwa da bargo, ta shiga cire kawunan kifi.

Ƙaras. Ƙaras-ƙaras-ƙaras.

Na zabura har lasifikar ta zame. "Yaya! Na ji!"

Ya juyo a hankali. "Ka ji me?"

"Busasshen ganye! Wallahi kamar ana taka shi a cikin kaina!"

Ban taɓa ganin mutum ya yi farin ciki da lalacewar kayansa kamar haka ba. Ya kama hannuna da hannu biyu yana girgizawa, a allo kuma ana ta harbin mutuminsa. Na miƙa hannu zan buɗe kwamfutar, ya doke shi.

"Tsaya. Kai ka yi kwana huɗu. Bar ni da minti biyu."

Ya rufe ido. Ya ɗaga lasifika daga kunne ɗaya, ya bar ɗayan. Ƙarar ta yi ta yi, ta ɗauke. Ya ɗaga yatsa, muka yi tsit, har Ok-bun ta tsaya da kifi a hannu. Bayan ɗan lokaci ta dawo.

"Akwai wani ɗan 'tak' kafin ta fara," ya ce, idonsa a rufe. "Ba a cikin kwamfuta yake ba. A bayana yake, ta hagu, a ƙasa." Ya buɗe ido. "Maman Miran, murɗa abin shimfiɗar nan ki kashe."

Ta murɗa. Shiru.

"Kunna."

Ƙaras-ƙaras.

Na leƙa ƙarƙashin tebur. Shimfiɗar da kwamfutar a soket ɗaya suke, kafaɗa da kafaɗa, a tsohon gidan da wayoyinsa suka girme ni. Duk lokacin da tsohon makunnin shimfiɗar ya tashi ɗumama, sai ya watsa hayaniya cikin wutar, katin sauti ya kwashe ya kai kunne. Ni kuwa ban taɓa ganin shimfiɗar ba, don duk ranar da na zo, mai ita tana kicin tana fere mini tuffa.

"To me ya sa sai lokacin wasa?" na tambaya.

Ok-bun ta ci gaba da cire kan kifi, ba ta ɗago ba. "Labarai ina ji daga kicin. Wannan kuwa sai da ido."

"Au, kallo kike yi?" in ji Bong-gil. "Na zaci ɗumin ɗakin kike bi."

"Ɗumin me? Ɗakin nan ya fi ko'ina sanyi. Tun kaka nake zaune a nan ina kallon ana kashe ka a bakin ƙofar nan ta dama. Kullum ita. Ko akuya ce da ta canza hanya."

Ta tattara tirenta, ta fara naɗe shimfiɗar. "Shi ke nan, gobe na zauna a ɗakina. Kada a ce ni na kayar da tsofaffi biyar."

"Ajiye," ya ce.

"Baban Miran, gasa ce fa."

"Na ce ajiye. Mai shago, ba ka da doguwar waya?"

Ina da ita. Muka gwada soket uku kafin mu dace da na bayan tukunyar shinkafa a kicin, wanda ba layinsu ɗaya da ɗakin ba. Muka bi da wayar ta gindin bango, muka manne ta da salatif don kada wani ya yi tuntuɓe. Ok-bun ta kunna shimfiɗa har ƙarshe, muka saurara. Tas. Bong-gil ya ɗauki waya ya kira Man-seok.

"Direba, tsatsar ta fita. Biyu a matakala, gobe ka shirya."

Asabar na rufe shago na je kallo, na fere tuffata da kaina. Wasan farko suka ci, Bong-gil yana kiran sawu ɗaya bayan ɗaya kamar mai karanta jadawalin jirage. A na biyu ya nufi ƙofar dama, sai Ok-bun ta daka tsawa daga kan shimfiɗarta: "Hagu, tsohon nan, hagu!" Ya bi hagu, ya tsira, suka ci. Na uku wasu tsofaffin ma'aikatan gidan waya daga Andong suka yi musu kaca-kaca, amma biyu cikin uku ya isa a wuce. Muryar Man-seok ta cika lasifika yana cewa dama shi bai taɓa shakkar kunnen ba.

Likitan kunne dai Bong-gil ya je, don Ok-bun ta ce ba a karɓar rana a watsar. Ya dawo yana cewa na'urar likitan tana da ɗan kuka a ɓangaren hagu, ya kuma gaya masa.

Bayan sati biyu na leƙa in ga ko wayar na nan daram. Na tarar da shi yana wasa, lasifikar a karkace, kunnen hagu rabi a waje.

"Yaya, ai haka za ka rasa rabin sawun."

"Rabin ya ishe ni in ba gasa ba," ya ce, bai juyo ba. "Da, in ƙarar nan ta fara, ashe shigowarta nake ji ban sani ba. Yanzu ka gyara, shiru ya yi yawa."

A bayansa kan kifi ya faɗa kwano, tak. Ya gyaɗa kai, ya bi ta hagu.