Yadda Faifan Caji Ya Raba Ni da Wayata

"Wanga faifai naka munahuki na!"

Da haka Baba ya tare ni jiya ina shigowa gida. Sabuwar cajata yake nufi, wadda ake ɗora waya a kai kawai ta kama caji, ba a soka mata komai.

Ashe tun hantsi ya ɗora 'yar wayarsa mai madannai, yana jiran kiran dillalin da zai kawo masa shanu daga Wamakko. Waya ta mutu murus, dillali ya yi ta nema har ya gaji.

Na ce, "Baba, akwai zaren tagulla a nannaɗe cikin faifan, akwai irinsa a bayan wayata. In sun kusanci juna, ƙarfin maganaɗisu ke tura wutar. Taka ba ta da shi."

Ya ce, "Awo. Tunda jininshi bai haɗu da tawa ba, miƙo taka."

Yanzu haka da wayar matata nake wannan rubutun. Wani bayanin, jama'a, gara ka bar shi a cikinka. Wa ya san dabarar karɓo waya daga hannun uba?