Baƙin Tabon da Ke Kan Banjon Baba Ishaya

Ban taɓa mantawa da ranar da Baba Ishaya ya shigo shagonmu na gyaran kayan kiɗa a Al Sabkha ba. Lokacin ni mataimaki ne kawai: sama da ni akwai babban makaniki, sama da shi akwai manaja. Baba direba ne, mutumin Kafanchan, ya tsufa a garin nan na ƙasar Larabawa. Da ya ji ina waya da Hausa, sai ya wuce manaja ya nufo ni da banjonsa a hannu.

Banjo ɗan'uwan gurminmu ne, sai dai fuskarsa ba fata ba ce, roba ce mai farin shafi. Inda yatsu ke yawan sauka, shafin kan siɗe, ya yi baƙi, daga baya ya fara ɓarewa. Ƙa'idar aiki ita ce in robar ba ta tsage ba, a goge gefen ɓarewar a hankali, a bar ta. Sautin ba ya canzawa.

Ta Baba ba ta tsage ba. Ya ɗora yatsa a kan tabon ya ce, "Ɗana, ɓarewar kawai za ka tsayar. Kada a taɓa wannan baƙin. Hannun Bulus ne."

Bulus ɗansa ne, shi ke kaɗa banjon a coci kafin ya rasu. Na ce, "Baba, amana ce, ka kwantar da hankalinka."

Na yi wa manaja bayani dalla-dalla. Idonsa na kan waya ya ce da Larabci, "Khalas, habibi," wato shi ke nan, abokina. Washegari aka tura ni sito a Al Warsan ɗauko kaya. Ko da na dawo, banjon na rataye, fuskarsa fara tas. Makaniki ya ga datti, ya cire robar, ya sa sabuwa. Tsohuwar kuwa motar shara ta riga ta tafi da ita. Manaja bai gaya wa makanikin komai ba, don maganar mataimaki a shagon nan iska ce.

Da Baba ya zo, manaja ya tare shi da murmushi, har yana alfahari wai ba ma barin kaya su fita da datti. Baba bai ko kalle shi ba. Ya shafa farar robar, ya daɗe yana shafawa, sannan ya ɗago ya dube ni.

"Da Hausa fa na gaya maka," in ji shi.

Har yau maganar na ci mini rai. Manaja ya manta kafin la'asar, makaniki ma aka yaba masa. Abin da na koya ke nan, ku da kuka shigo aikin kwanan nan: shago sabo yake so, mai kaya kuwa wani lokaci tsufan ya kawo a tsare masa. Kuma kada ka karɓi amana da bakinka alhali ba kai ke da iko da shagon ba. Baba ya saɓa banjonsa ya fita, bai ƙara bi ta layinmu ba.