Kwamfutar Yaya da Ƙwan Zabin Kaka

Ka yi mini uzuri idan ka ga zancen nawa yana karkacewa. Ɗazu da hantsi, a shagon buga takardu da nake aiki a Rano, kwamfutar da ke ƙarƙashin teburina ta yi wata irin ƙara kamar an fasa mini leda a kunne, sai hayaƙi. Ban san lokacin da na tsinci kaina a bakin titi ba, takalmi ƙafa ɗaya, mai rake yana tambayata ko maciji ne. Mai shago ya ce akwatin wutarta ne kawai ya ƙone, gobe za a sa wani. Amma warin ƙonanniyar wayar nan mai kama maƙogwaro ya ƙi barin mayafina, kuma shi ya mayar da ni gidanmu na Kibiya, shekarar da Yayana ya haɗa kwamfutar wasa.

Bai saye ta a haɗe ba. Shi a ra'ayinsa, wanda ya sayi kwamfuta a haɗe bai san abin da aka cusa masa a ciki ba, ita kuwa ta tafi-da-gidanka ya ce ta masu son a gan su ce. Guntu-guntu ya riƙa kawo ta daga Kano a cikin kwalaye, yau fanka, wani watan wani koren allo mai ƙananan ƙafafu. Na ƙarshe shi ne katin hoto, wani baƙin abu mai fanka biyu a jikinsa, wanda sai da ragon da ya yi kiwo ya tafi kasuwa kafin ya shigo gidanmu. Ranar haɗawa ya shimfiɗa tabarma, ya wanke hannu kamar zai ci tuwo, ya hana ni ko numfashi a kusa.

Kowa a gidan sai ya zama masani. Abokin Yaya ya dage cewa an yi asarar rago, ƙwaƙwalwar injin ya kamata a ƙarfafa, shi kuma Yaya ya ce ƙwaƙwalwa ba ta zana mota, kati ke zanawa. Suna wannan musu har a kira la'asar. Kawunmu mai gyaran injin ban-ruwa ya leƙa cikinta, ya nemi inda ake zuba baƙin mai bai gani ba, ya ce duk injin da ke juyi babu mai ba zai ga kaka ba. Ya so ya ɗiga wa fankokin ko ɗan kaɗan ne, sai da Yaya ya tare da jikinsa.

Baba shi tambaya ɗaya ya yi, me take yi. Aka kunna janareta, aka nuna masa wasu mutane suna bin ƙwallo, aka nuna masa motoci suna tsere. Ya daɗe yana kallo, hannu a baya. Sannan ya ce ya ba ta nan da gama shuka. Idan har lokacin ba a ga abin da ta tsinana wa gidan ba, za ta koma kwalayenta ta bi hanyar da ragon ya bi. Baba ba ya maimaita magana. Daga ranar Yaya ya fara ramewa.

To, ka san zabuwa ba ta da haƙurin kwanci. A wajenmu idan damina ta gabato aka sami ƙwan zabi, kaza ake sa wa ta ƙyanƙyashe. Kakarmu ta wajen uba ta karɓi ƙwai a hannun wata ƙawarta Bafillatana mai kawo mana nono daga wajen Saji, ta sa wa jar kazarta. An kai tsakiyar kwanci, ana ta sa rai, sai muzuru ya yi gaba da kazar. Kaka ta aika maƙwabta, babu mai kaza a kan kwanci. Ta zuba ƙwan a ƙoƙo da auduga, ta riƙa zagaya gida tana taɓa abubuwa da bayan hannu. Gindin murhu ya yi zafi da yawa. Toka tana hucewa. Tana wucewa ta ƙofar ɗakin Yaya sai iskar da fankar kwamfutar ke hurowa ta taɓa mata ƙafa.

Da ma Yaya ya cire wa kwamfutar murfin gefe saboda zafin bazara. Kaka ta durƙusa, ta zura hannu ƙarƙashin katin nan, ta rufe ido kamar mai duba zazzaɓin jariri.

"Maigidana," haka take kiran Yaya cikin wasan jika, "ashe uwa ka ajiye a ɗaki kake ɓoye mini. Wannan ai ɗumin cikin kaza ne sak."

Yaya ya yi magiya, ya yi bayani, ya ambaci ragonsa. Ta ajiye ƙoƙon a cikin akwatin kwamfutar daga ƙasa ta gyara masa zama.

Ba a jima ba ta gano sirrin da abokin Yaya ya kasa yarda da shi, wato katin ne ke aikin. Idan an bar kwamfutar a kunne kawai, ɗumin sai ya ja baya. Idan ana wasa, ya dawo. Har wasannin ta bambance. Na ƙwallo ta ce ɗuminsa na ragwaye ne, na motoci shi ne na gaske. Sai ka ga tsohuwa a kan tabarma, carbi a hannu ɗaya, ɗaya hannun a cikin kwamfuta, tana cewa a bar 'yan ƙwallon nan su huta a sa motoci. Takan juya ƙwan ɗaya bayan ɗaya, ta tsoma yatsa a ruwa ta shafa musu, shi kuwa Yaya duk ɗigon da ya gani a yatsanta sai ya yi salati a hankali. In an kashe janareta sai ta kwashe su ta kwanta da su a jikinta.

Wata azahar Baba ya dawo ya tarar da ɗansa yana tuƙin mota a zaune. Ya buɗe baki zai fara, sai Kaka ta ce daga tabarma, ba tare da ta ɗago ba, "Ni na sa shi. Kuma man injin ya kusa ƙarewa."

Baba ya dubi mahaifiyarsa, ya dubi motocin, ya ce, "To, Inna." Da yamma muka gan shi ya shigo da galan a bayan keke. Mutumin da ya ba kwamfuta wa'adi shi ne ya koma yi mata cefane, kuma ko da wasa babu wanda ya isa ya yi dariya a gabansa. Mahaifiyarmu sai ta shige madafa ta toshe baki da gefen zani.

Sai ruwan shuka ya sauka. Wannan kam ba a ɗaga wa kowa ƙafa, duk namiji sai gona. Aka rasa direba, Kaka ta nuna ni. Ina firamare a lokacin, ƙafata ba ta kaiwa ƙasa daga kan kujerar. Kafin ya fita Yaya ya nuna mini abin dannawa, ya kuma roƙi Kaka abu ɗaya, kada a rufe kwamfutar da komai, domin da iska take numfashi. Ta ce ta ji.

Garin ya yi sanyi bayan ruwan, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa har cikin ɗaki. Ni dai ina ta kai wa bango karo da motar mutane, Kaka ta ce ba komai, ba gasa muka zo ba, ɗumi muke nema. Can ta taɓa ƙwan ta ɓata fuska. Ta fita ta dawo da bargonta mai kauri. Na tuna mata maganar Yaya. Ta ce ita ta goyi ubansa, kuma tun da take ba ta taɓa ganin mai kwanci da aka bari a buɗe cikin sanyi ba. Ta lulluɓe kwamfutar ruf, har ta cusa gefunan bargon a ƙasa kada iska ta shiga.

Da farko muryar fankokin ce ta canza, suka koma kamar mai haki a kan tudu. Sai motar ta fara tsalle-tsalle a allo. Sai warin nan, irin na ɗazu. Sai ƙarar.

An ce a garken awaki aka same ni, na rungume wata akuya ina karanto duk surar da na iya. Kaka kuwa ko gezau. Ta yaye bargo, ta kore hayaƙi da mafici, ta ɗauko ƙoƙonta. Aka aika gona. Yaya ya shigo da laka har gwiwa, ya tsuguna gaban akwatin, hawaye na bin hancinsa. Kawu ya ce ai ya faɗa, rashin mai ne. Baba ya ce to an huta, ta yanke wa kanta hukunci, a nemo kwalayen. Mahaifiyarmu ta je ta kashe janareta da ke ta ruri a banza, gidan ya yi tsit.

A cikin shirun nan muka ji shi. Wani ɗan siririn kuka, tsiyau, tsiyau, daga cinyar Kaka. Ƙwai ɗaya ya huje, ɗan baki na motsi a ramin. Na kusa da shi ma ya tsage. Kafin magariba ƙoƙon ya cika da 'yan jiƙaƙƙun abubuwa masu zane a ka. Ba duka suka fito ba, amma waɗanda suka fito sun isa a kira su garke.

Kaka ta ɗora ɗaya a tafin hannun Baba.

"Cewa ka yi sai ta tsinana wa gida wani abu. A cikin kayan da ka tara a gidan nan, kekenka ne ya taɓa ƙyanƙyasa ko rediyonka?"

"Inna, ai ta riga ta mutu."

Ta juya wajen Yaya ta tambaye shi ko duka ce ta mutu. Ya duba, ya shinshina, ya ce da alama akwatin wuta ne kawai, katin yana nan lafiya. Ta ce to 'ya'yan da kwamfutar ta haifa su za su yi mata magani, in sun girma a kai na farko kasuwa a sayo wani akwatin. Baba ya daɗe yana kallon ɗan zabon da ke rawar sanyi a hannunsa. Ya mayar da shi cikin audugar a hankali, ya ɗauki fartanyarsa ya fita. Ba a sake zancen kwalaye ba. Bayan an yi girbi kwamfutar ta tashi, kuma har Kaka ta bar duniya ba ta taɓa yarda cewa bargonta ne ya jawo ba. Cewa take yi wahalar haihuwa ce.

Yanzu Yaya yana Kano yana haɗa wa mutane irin waɗannan injina. Na je shagonsa na ga na zamani, gefensu gilashi, cikinsu fitilu masu canza launi, wasu har da bututun ruwa. Duk hirarsa da masu saye a kan sanyi take, wace ce ba ta ɗaukar zafi, wace fanka ce ba a jin motsinta. Na sa bayan hannuna a jikin wata, na ji ta kamar randa. Na san abin da Kaka za ta ce da ita.

Ɗazu da hayaƙi ya lafa, na lallaɓa na koma shago neman ɗaya takalmina. An kashe komai, wurin ya yi tsit. Mai shago ya shigo ya same ni a durƙushe gaban ƙonanniyar kwamfutar, na kara kunne. Ya tambaye ni me nake saurare. Na ce ba komai, na ɗauki takalmina.