Ƙaton Yaron da Na Zaɓo wa Kapitan

Ban taɓa mantawa da ranar da na yi wauta a gaban soja ba. Tun da kun ce in ba ku labarin aiki, gara in fara da wanda ni ne sakaran cikinsa, kafin wani ya riga ni.

Lokacin fari ne, zamanin mulkin soja, mutanen karkara sun zubo Yamai sun kafa bukkoki a bakin gari. Ina aiki a wata ƙaramar likita ta mata da yara kusa da Kalley. Muƙamina lebura, amma ni ke rataya yara a ma'auni in faɗi kilo, shi ya sa matan unguwa ke ce mini Dokta Sanda, ni kuwa ban taɓa gyara musu ba. Lakwal, wato boko, na yi ta har aji huɗu, inda muka rabu da mushe, malaminmu ke nan, ba wanda ya yi kewar wani.

Ƙa'idar aikin ita ce, yaron da nauyinsa ya gaza a ba shi madara, in ya yi tsanani a kwantar da shi. Wanda ya kai kuwa, sai wani watan. Mai yanke hukunci ita ce ungozomarmu, Madam Rakiya, mutuniyar Damagaram, gajeriya, ba ta ɗaga murya. Ita ba ta fara da ma'auni. Sai ta sa uwa ta tuɓe yaro, ta shafa maɗigarsa, ta ja fatar idonsa ta leƙa, ta kaɗa makullanta ta ga ko zai bi su da kallo, ta tambaya ko yana zama, ko yana rarrafe, yaushe aka yaye shi. Ni a ilimina duk wannan ɓata lokaci ne, tun da kilo ba ya ƙarya.

Wata safiya majo, wato shugaban ma'aikatan jinya, ya ce wani kapitan zai zo duba aiki, a share ko'ina. Ba wanda ya aike ni, na ga bai dace babban baƙo ya tarar da ramammun yara kaɗai ba, kada ya ce ba ma aikin komai. Na bi layi ina dube-dube har na ga wata mata daga wajen Filinge, Mariyama, da ɗanta Iro a cinya, ya ɗan wuce shekara. Kumatu tuɓul-tuɓul, ƙafafu kamar an hura. Na auna shi, kilo ya cika har da gyara. Na ce mata ɗanta ya fi ƙarfin madarar gwamnati, ta tsaya kapitan ya gan shi sannan ta koma gida. Ta ce mini a hankali ba ya cin abinci, ko kuka ma ba ya yi. Na ce ai yaro mai haƙuri ke nan, ta gode Allah.

Kapitan ya shigo da sojoji biyu a bayansa. Na sara masa, abin da ba aikina ba, na miƙa yaron na ce, "Mon kapitan, ga irin aikinmu."

Ya yi murmushi, ya ce wa majo madalla, ashe ana ƙoƙari. Har ya juya zai wuce, Mariyama ta fara gyara zanen goyo za ta karɓi ɗanta ta tafi, sai Madam Rakiya ta fito daga ɗakin haihuwa tana goge hannu. Kallo ɗaya ta yi wa yaron ta karɓe shi daga hannuna.

Ku da ba ku ga zamanin ba, ku sani a lokacin ko tari mutum ba ya yi in mai kaki na magana. Amma matar nan ta ce, "Ranka ya daɗe, ara mini babban yatsanka."

Majo ya sunkuyar da kai. Ta kama yatsan kapitan ta danna shi a bayan ƙafar Iro, ta riƙe kaɗan, ta ɗaga. Rami ya zauna a wurin kamar an danna tuwo. Ta yi haka a ɗaya ƙafar. Ta nuna masa gashin yaron da ya yi ja ya yi laushi, ta kaɗa makullai a gabansa, ko ƙifta ido bai yi ba. Ta ce wannan ba ƙiba ba ce, kumburin yunwa ne, ruwa ne ma'auni ya auna, kuma duk layin nan ba wanda ya fi shi kusa da kabari. Ta ce tana son madara, sukari, mai da barguna, yau ba gobe ba.

Kapitan ya daɗe yana kallon yatsansa, sannan ya fita. Na riga na ga kaina a bariki ana aske ni. Da la'asar sai ga kamiyo, wato babbar mota, da madara da sukari da barguna. Mai dai bai zo ba, Madam ta aika aka sayo a Babbar Kasuwa.

Aka kwantar da Iro. Ta hana a ɗura masa da yawa, sai cokali-cokali, a lulluɓe. Bayan 'yan kwanaki na auna shi na ga kilo ya sauka, na ruga na ce mata yaro na ƙarewa. Ta ce ruwan ne ke fita, in jira. Ya koma ƙashi da fata, sannan ya fara tasowa. Ranar da ya miƙa hannu ya fisge makullanta, ranar ta ce wa Mariyama ɗanta ya tsallake. Ba duka suka tsallake ba a shekarar, kada in yi muku ƙarya.

Abin da na koya, 'ya'yana, ma'auni nauyi kawai ya sani. Ku dubi yaro, ku taɓa shi, kuma in uwa ta ce ɗanta ba daidai yake ba, ku rufe baki ku ji ta.

Amma baki bai bar ni ba. Ranar da aka sallame su na ce wa Madam, in za a faɗi gaskiya, ai ni na ceci yaron nan, tun da ni na zaɓo shi daga cikin layi. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Haka ne, Dokta Sanda. Gobe ma ka zaɓo mini wanda ka ga ya fi kowa lafiya, da shi zan fara."