Veit Schinder, Maƙerin da Ya Taɓa Mushe

Haihuwa da asalin suna

An haifi Veit Schinder a shekarar 1709 a garinmu na Hallstetten da ke kudancin Jamus. Mahaifinsa Kilian ɗan dako ne mai keken doki, mahaifiyarsa Walburga kuwa 'yar gidan maƙera ce. Sunan gidansu daga sana'a ya samo asali, kamar yawancin sunayenmu. Tushen kalmar fiɗa ce, kuma Schinder shi ne mai kwashe mushen dabbobi ya feɗe su a bayan gari. Kowa na nemansa ranar da saniya ta mutu, amma ba a musabaha da shi, ba a cin abinci tare da shi. Duk mai sana'ar hannu da ya taɓa mushe kuwa hukuncinsa ɗaya da shi: ƙungiyar masu sana'arsa ta kore shi, kuma ranar jana'izarsa babu mai ɗaukar gawarsa. Kakan kakan Veit ne ya yi wannan aiki. Aikin ya daɗe da barin gidan, amma sunan ya ƙi tafiya.

Koyon sana'a da aure

A shekarar 1723 kawunsa Leonhard ya ɗauke shi koyon ƙira, kuma sai da aka sha doguwar taƙaddama kafin ƙungiyar maƙera ta amince da shi a 1731. A ranar ne kawun ya ja shi gefe ya ce, "Kai ɗan nan, ko mataccen ɓera ka gani a maƙera, kira wani. Wasu in sun yi kuskure a ce tsautsayi, kai in ka yi a ce gado."

Ya riƙe wannan wasiyya. A 1736 ya auri Apollonia Riedel, suka zauna cikin rufin asiri da taka tsantsan, domin mutanen garinmu suna iya manta alheri kafin a tashi daga coci, amma asalin maƙwabci ba sa mantawa.

Abin da ya faru a bakin gada

A kakar shekarar 1748, ranar kasuwa, wani maƙeri mai suna Gottlieb Haas ya durƙusa yana duba kofaton dokin wani baƙo a bakin gada, sai dokin ya yanke jiki ya faɗi matacce a kansa. Jama'a suka taru, har da maƙera majiya ƙarfi, suka yi cirko-cirko. Ana ta ihun a kira mai fiɗa, alhali kowa ya san gidansa yana can bayan daji. Numfashin Gottlieb ya fara sarƙewa, leɓunansa suka yi baƙi.

Veit ya matsa gaba. Matarsa ta riƙe masa riga ta ce, "Maigida, ka rufa mana asiri. Yara fa!"

Ya ce, "Mutum ne ke mutuwa, Apollonia. Sake ni."

Ya cusa kafaɗarsa ƙarƙashin mushen ya ɗaga, aka janye Gottlieb da karayar ƙafa da sauran numfashi. Da Veit ya miƙe, sai ya ga jama'a sun dare masa.

Hukunci da shekarun baya

A makon ne ƙungiya ta zauna. Sarkin maƙera ya ce, "Mun gaya wa Leonhard tun farko. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Aka kori Veit, aka hana shi ɗaukar masu koyo. Gottlieb yana wurin da ƙafarsa a ɗaure, kansa a sunkuye. Abin kunya ne a kan garinmu, kuma babu amfanin yi masa kwaskwarima.

Daga nan Veit ya koma ƙera ƙusoshi yana sayar wa ƙauyawa. Ya ɗaukaka ƙara gaban majalisar gari a 1750, ya sake a 1761, ba a saurare shi ba. Da ɗansa Jörg ya ce masa ya haƙura, tunda tsufa ya zo, sai ya ce, "Kai yaro ne. Ni yanzu me zan yi da guduma? Waɗanda za su kai ni kabari nake nema, kada a ja ni a keke kamar mushe."

Rasuwa da jana'iza

Ya rasu a watan Maris na 1771 bayan jinyar ciwon ƙirji. Aka ajiye akwatin gawarsa a ƙofar gida tun safe. Maƙera suka tsaya a tsallaken hanya, kowa na kallon na kusa da shi, har rana ta take. Sai ga Urban, mai fiɗar garin, ya iso da kekensa na aiki. Apollonia ta ce, "Mun gode, amma ba a cikin wannan ba. Ko da ja da gwiwa ne ni zan kai shi."

A lokacin ne Gottlieb ya tsallako hanya yana dogara sanda. Ya cire hula, ya miƙa hannu zuwa mariƙin akwatin. Sarkin maƙera ya yi gyaran murya. Hannun ya tsaya, sannan Gottlieb ya mayar da hularsa ya koma inda ya fito.

Apollonia da Jörg suka kama gaba, 'yarsa Barbara da Urban suka kama baya, suna tafiya suna hutawa har maƙabarta, aka binne shi can gefe a gindin katanga, nesa da sauran kaburbura.

Ya bar 'ya'ya uku: Matthes, mai gashin burodi a wani gari, wanda ya koma amfani da sunan gidan mahaifiyarsa kuma bai halarci jana'izar ba, Barbara, wadda ba ta yi aure ba, da Jörg, wanda ya riƙe sunan Schinder, kuma daga gare shi zuriyar ta yaɗu. Gottlieb Haas ya rayu har 1780, kuma maƙera shida ne suka ɗauki gawarsa.