Dogo da Kwatar Layinmu

Maigidana, Allah Ya jiƙansa, ya bar mini ɗaki ɗaya da ƙani ɗaya, Dogo. Shekara goma sha huɗu Dogo ya yi yana buga ƙwallon kwando gari-gari, har gwiwarsa ta ce ta gaji. Ban taɓa zuwa kallo ba. Dawowarsa dai nake gani, da takalman da kaza za ta iya ƙyanƙyasa a ciki.

Da ya ajiye wasa, 'yan layinmu suka naɗa shi shugaba, wai ko ba komai ana hango shi daga nesa. Ya zo da dokarsa ta fili: a taro, mai riƙe da ƙwallo kaɗai ke magana, daƙiƙa ashirin da huɗu, sai usur.

Daminar bara kwata ta toshe tsakanin shagon tela da na mahauci. Ruwa kuwa bai san gidan kowa ba sai ɗakina. Katifa ta jiƙe, dardumar salla ma. Aka kira taro.

Mahauci ya karɓi ƙwallo, ya ce ƙyallayen tela ne suka toshe ta. Zuciya ta ɗebe shi, ya yi taku uku wajen telan. Dogo ya busa usur.

"Ka yi tafiya da ƙwallo a hannu, ka karya doka. Miƙa."

"Shugaba, ban fa gama ba."

"Mu ma haka muke ce wa alƙalin wasa."

Tela ya karɓa, ya ɗaga yatsa zai nuna mahauci, ƙwallo ta suɓuce ta gangaro ƙafata, ni da ko tari ban taɓa yi a taro ba.

"Yaya, taki ce," in ji Dogo.

Na rungume ta kamar jika. Na ce ban san mai laifi ba, amma na tsinci ƙashin haƙarƙari a ƙarƙashin gadona, naɗe cikin ƙyallen yadi. Na faɗi na katifa, na faɗi na mura.

"Lokacinta ya wuce," in ji tela.

Dogo ya kara agogo a kunne. "Ya tsaya."

Washegari da hantsi ya kwanta rub da ciki, ya zura dogon hannun nan cikin kwata har kafaɗa. Duk sharar da ya zaro, ta tela dama, ta mahauci hagu, yana faɗin maki da ƙarfi, jama'a na tafi. Kunya ta sa su biyun suka ɗauko shebur. Mahauci ne ya ci, da tazarar ƙaho ɗaya.

Ruwan da aka yi ranar Juma'a ya wuce ƙofata, ko sallama bai yi ba. Alhamdu lillahi.