Littattafan Malam Kyari a Rumfar Tattasai

Shekara bakwai ke nan da rasuwar aminina Malam Kyari, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, a nan Diffa. Ranar da nake son tunawa ba ranar jana'izarsa ba ce. Wata Laraba ce, ƙarfe huɗu da rabi na yamma, bayan sadakar arba'in, a zauren gidansa. Akwai yayansa Alhaji Bukar, mai fataucin tattasai daga Chetimari, da limamin unguwa, da ni. Ni an kira ni ne don in shaida. Aboki ba magaji ba ne.

Da Kyari ya aje aiki, ya tsara wa kansa littattafan labari guda arba'in, tsofaffi, waɗanda duniya ta daɗe tana yabo. Yawancinsu na Faransanci ne, kaɗan na Hausa. Shekara talatin yana tara su daga Damagaram da Yamai da Maiduguri. Kullum bayan la'asar yakan zauna a bakin kogin Komadugu da littafi da fensir, yana gardama da marubucin a gefen shafi. Jerin sunayen kuwa da ajami ya rubuta shi a takarda ɗaya, domin shi ne rubutun da hannunsa ya fara sani tun yana kan allo. Duk wanda ya gama sai ya ɗiga masa ɗigo. Ya ɗiga talatin da uku. A asibiti ya riƙe hannuna ya ce, "Sani, bakwai suka rage. Ka ƙarasa mini." Na ce to.

A zauren nan aka buɗe akwatin, aka bi al'adar da kowa ya sani: duk takardar da ke ɗauke da baƙin Larabci a ɗora ta kan buzu, sauran a zuba a buhu. Alhaji Bukar ya ɗaga littafi ɗaya da yatsa biyu.

"Malam, wannan fa?"

"Tatsuniyar Nasara ce," in ji liman.

"To ƙarya ce aka yi wa bango. Takardar dai tana da kauri, za ta yi ƙunshi."

Sai aka iske takardar jerin. Liman ya duba, ya ga sunayen Faransanci cikin baƙin Larabci, bai gane ko ɗaya ba, ya ce mai yiwuwa wani sirri ne marigayi ya karɓa daga malaminsa. Alhaji ya ɗora ta a goshi. Ni na san abin da ke cikinta. Ni da nake karanta wa jiha guda labarai a rediyo kowace safiya, na yi shiru, don kada a ce na gyara wa liman karatu gaban mutane. Wannan shirun shi ne abin da ya fi ba ni ƙyama a duk labarin, kuma nawa ne.

Bayan sati uku mai ɗakina ta dawo daga kasuwa da garin tattasai a ƙunshe. Na warware takardar, na ga fensirin Kyari a gefe: "Wannan mutumin bai san mata ba." Jan gari ya cinye rabin layin. Washegari na hau mota zuwa Chetimari. A rumfar Alhaji an cire bangayen, an jera shafukan a kan ƙusa, ana zara ɗaya ɗaya. Na kwashe abin da ya saura, har da buhun. Sai na tuna ban san waɗanne ne bakwai ɗin ba. Jerin yana falon Alhaji cikin gilashi, a rataye sama da ƙofa. Na ce ina son in kwafa don neman albarka. Ya ji daɗi ƙwarai, har ya sa aka kawo mini fura.

Uku cikin bakwai na same su cikakku a buhun. Uku na nemo wasu kwafinsu a hankali, ta hannun masu zuwa Yamai. Na karanta shidan nan a wurin da yake zama, ba gefen shafin da zan tarar da shi yana jirana da gardama. Na arba'in wani tsohon littafin Hausa ne da aka daina bugawa. Abin da na tsira da shi ya fara daga tsakiya, ya tsaya inda wata mata ta tsaya a bakin ƙofa za ta ba da amsa.

Nakan tambayi kaina me Kyari zai ce da ya ga yau. A shekarun tashin hankali Alhaji ya sa an yi hoton takardar, an manna a gaban kowace motarsa mai ɗaukar tattasai. Direbobi suna shafa ta kafin su tayar da mota. Ina jin Kyari zai yi dariya har ya yi tari. Ya koyar da rabin garin nan karatu, amma a gidansu siffar baƙi aka duba, ba wanda ya tsaya ya karanta.

Bana na je na gaya wa Alhaji gaskiya. Na karanta masa sunayen ɗaya bayan ɗaya, na ce littattafan da ya ƙunsa tattasai da su ne. Ya saurara har ƙarshe.

"Malam Sani, ka gama?"

"Na gama, Alhaji."

"Shekara bakwai ko taya ba ta fashe mini ba. Kai ɗan boko ne, ka bar abin da ba ka sani ba."

Abin da ya saura na Kyari ke nan: takarda ɗaya da ake girmamawa ba a san ta ba, da ragowar shafuka masu sa atishawa in an buɗe su, da alkawarin da na cika saura ɗaya. Takardar tana nan sama da ƙofar Alhaji. A kwafin da ke hannuna ɗigo talatin da tara ne.